Ƙwallon Dabino na Uku

Shekara biyu Kubra ta yi tana zarya a asibitin nan don ta ji an ce bakwai, sai ga shi an faɗa mata a ranar da ba ta da wanda za ta kai wa albishir.

Kwance take a gadon awo, ta ƙura wa silin ido. Ta riga ta haddace irin shirun da Dokta Obiamaka ke yi kafin ta faɗi magana mara daɗi, don haka da shirun ya yi tsawo sai ta fara karanto innalillahi a zuci. Amma likitar ba ta sauke ajiyar zuciyar da ta saba ba. Juyo da allon na'urar ta yi, ta ɗora yatsa a kan wani farin layi.

"Kubra, juyo ka gani. Bakwai da ɗigo huɗu."

Dokta Obiamaka haifaffiyar Jos ce, kakanta ya zo tun zamanin haƙar kuza, Hausarta kuwa irin ta cikin gari ce da ba ruwanta da mace ko namiji. Kowa "kai" ne a bakinta, har matar da ke kwance a gabanta ana auna mata mahaifa.

Abin da ake aunawa shi ne shimfiɗar mahaifa. Tun zuwan farko likitar ta yi musu bayani cewa duk wata mahaifa takan yi shimfiɗa a cikinta, a nan ciki yake samun wurin kamawa, idan kuma bai samu ba sai ta zube ta zama jinin al'ada. Ta Kubra ta ƙi yin kauri tun ɓarin da ta yi a shekara ta biyu da aure, aka yi mata wankin ciki ya bar tabo. An haɗa ƙwan haihuwarta da na mijinta Salim a ɗakin gwaji, aka samu 'yan tayi biyu lafiyayyu, aka daskarar da su aka ajiye. Likitar ta ce ba za ta saka ko ɗaya ba sai shimfiɗar ta kai milimita bakwai. Salim yakan yi dariya ya ce 'ya'yan Jos ne, sanyi ba zai dame su ba.

Sau uku ana shirya ta, sau uku ana fasawa. Ta sha ƙwayoyi har ta daina jin ɗanɗanon abinci, ta sha allura har ta rasa gefen kwanciya, amma awon bai taɓa wuce biyar da 'yan kai ba. A wannan karon ne likitar ta gwada wata dabara. Aka ɗebi jinin Kubra a hannu, aka juya shi a na'ura har ya rabu, aka kwashi ruwan ɗorawar da ya taso sama aka zuba mata a mahaifa ta wani siririn bututu. Sau biyu aka yi haka, ga ƙwayoyin safe da rana da yamma ba fashi. Likitar ba ta yi mata alkawarin komai ba, ta ce wasu yana yi musu, wasu ba ya yi.

Kubra ta kalli layin nan har ya fara rawa a idonta. Ba ta san lokacin da ta kamo hannun likitar da hannu bibbiyu ba, tana jera hamdala, tana yi mata addu'ar Allah ya saka da alheri, ya raya mata nata.

"Ba ni ba ne, Allah ne," in ji likitar. "Share hawaye ka kira oga. Gobe ya zo ya sa hannu, mu fara allura na ƙarshe, bayan kwana biyar mu mayar da ɗaya gida."

Nan murnar Kubra ta koma ciki. Ta tashi zaune, ta gyara hijabinta, kanta a ƙasa ta ce yau kwana arba'in da shida ke nan da Salim ya sake ta.

Dokta Obiamaka ta cire tabarau ta ajiye. Ta tambaye ta me ya hana ta faɗa tun farko. Gaskiyar ita ce nas ta kira ta a waya tana tuna mata ranar zuwa, kunya ta hana ta cewa aure ya mutu. Da ta zo sau ɗaya kuma sai ta kasa dainawa. Tana so ta sani, ko sau ɗaya ne a rayuwarta, ko jikinta zai iya. Bayan haka akwai su biyun nan da ke cikin sanyi, waɗanda ba ta taɓa gani ba amma kullum suna cikin addu'arta.

Likitar ba ta ɓoye mata komai ba. Ba za ta saka ba sai da sa hannun miji, Kubra ma ta san addininta bai yarda ba sai da aure. Za ta iya barin ta a kan ƙwayoyin na sati guda, daga nan dole a tsaya, shimfiɗar ta zube.

"Kuma ban sani ba ko zai sake kai bakwai. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Abin da likitar ba ta sani ba shi ne jinin da zai zo idan an tsayar da maganin shi ne na uku. Da ganinsa idda ta cika, auren ma ya tafi tare da shi.

A cikin keke, ruwan sama na feso mata ta gefe, Kubra ta riƙe hoton awon a ƙirji tana tuna yadda aka yi. Ba Salim ne ya so sakin ba, ita ce ta roƙa. Ranar da aka fasa karo na uku ta dube shi a ɗakin jira, mutum ɗaya tilo a wurin mahaifiyarsa, wanda ya ƙi ko da sauraron zancen ƙarin aure, ta ga yadda yake ƙoƙarin yi mata murmushi. Murmushin ne ya karya ta. Da suka koma gidansu a unguwar Ali Kazaure ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa, ta ce in yana ƙaunarta ya sawwaƙe mata, ta gaji da allura, ta gaji da ganin shekarunsa suna ƙarewa a bencin asibiti. Kwana biyu ta ƙi cin abinci. A na uku ya rubuta saki ɗaya, ta kuma sa shi ya rantse ba zai kira ba, ba zai zo ba.

Da kansa ya kai ta gidan Gwaggo a Anguwan Rogo. Gwaggo Fatimatuzzahra, ƙanwar mahaifin Kubra wadda ta riƙe ta tun tana marainiya, ta tsaya a tsakar gida ta wanke shi tas, ta haɗa har da danginsa. Yana durƙushe kai a ƙasa, bai ce ita ta nema ba. Kubra tana ɗaki tana ji, ita ma ba ta fito ta faɗa ba. A nan kam ba ta kyauta ba, kuma ta sani.

Tun daga ranar bai kira ba, bai zo ba. Amma duk Juma'a sai an sauke buhun dankalin Turawa da kabeji da karas a ƙofar gida, daga sitonsa na dankali da ke garin Kuru, ba saƙo ba gaisuwa. Gwaggo takan tsine wa buhun, sannan ta sa a shigo da shi ta dafa.

Gwaggo kuwa tana da nata lissafin. Akwai wani ɗan kofin silba a kan durowarta. Duk sanda ta ga sallayar Kubra ta wuni a naɗe sai ta jefa ƙwallon dabino a ciki. Ta jefa na farko kwana uku da dawowar Kubra, ta jefa na biyu bayan sati huɗu ba kaɗan, na ukun kuma yana ƙulle a bakin zaninta. Ta riga ta tambayi malamar islamiyyarsu, an ce mata mai ganin al'ada ba wata ake ƙirga mata ba, jini ake ƙirgawa. Baffan Kubra, wanda shi ne waliyyinta, ya rantse in idda ta cika ba zai sake ba Salim aurenta ba ko da zai zo da dukan dattawan Jos. Kafin ta cika kuwa, kalma ɗaya daga bakin Salim ta isa ta mayar da ita ɗakinta, ba sai an nemi izinin kowa ba.

Ba don ƙiyayya kaɗai Gwaggo ke ƙirga ba. Tana da ɗa, Datti, mai sayar da kayan gyaran keke a titin Bauchi, wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'yan mata uku.

Shi Kubra ta tarar a falo da ta shigo, yana shan gwaten accar da Gwaggo ta zubo masa. Ta gaishe shi za ta wuce, Gwaggo ta ce ta zauna. Ba a neman aure a cikin idda, Gwaggo ta san da haka, amma Allah ya hore mata iya zagaye. Ta ce kan yaran Datti ya yi sati uku ba kitso. Ta ce ya sa an yi wa ɗakin tsakiya sabon fenti, ita dai ba ta san don me ba. Ta taɓa bakin zaninta ta ce lissafinta bai wuce satin nan ba, sannan ta tashi ta shiga kicin ta bar ƙofar a buɗe.

Datti mutum ne mai sanyin magana, tun suna yara shi ke raba Kubra da masu cin zalinta a hanyar makaranta. Ya ajiye cokali ya dubi idanunta da suka kumbura.

"Ba zan faɗi abin da bai halatta in faɗa yanzu ba, Kubra. Abu ɗaya nake so ki sani. Akwai gidan da in kin shiga ba wanda zai sake auna ki. Allah ya riga ya ba ni uku, ba na neman komai a jikinki."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Shekara shida ke nan ba wanda ya dube ta bai dubi cikinta ba, ko da kuwa don tausayi ne. Ta ji a ranta cewa da za a raba zuciya biyu da ta ba wannan bawan Allah rabi don godiya. Amma ba a rabawa, kuma tata tana Kuru a cikin buhunan dankali.

Sai ta fashe da kuka, irin kukan da ta riƙe tun daga asibiti. Ta miƙa masa hoton awon, ta faɗa masa komai, bakwai ɗin, da satin da likita ta ba ta, da jinin da zai zo. Daga ƙarshe ta ɗaga murya yadda za a ji a kicin.

"Gwaggo, ki yafe mini. Ba shi ya sake ni don kansa ba, ni na roƙe shi. Kwana biyu ina kuka a ƙafarsa kafin ya rubuta."

Ludayi ya faɗi a kicin. Gwaggo ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi Kubra ta dubi buhun Juma'ar da ta wuce da ke jingine a lungu, sannan ta nemi kujera ta zauna.

"Kika bar ni na zagi ɗan mutane har kakanninsa, yana durƙushe?"

Kubra ta sunkuyar da kai tana hawaye. Datti ya daɗe yana kallon hoton kamar mai iya karanta shi, sannan ya tambaye ta ko tana son mijinta. Ta gyaɗa kai. Ya ce to me ya hana ta kira shi? Ta ce ita ta nemi takardar, ita ta sa shi rantsuwa, da wane baki za ta ce ya dawo? Kuma in yana son ta me yake jira har kwana arba'in da shida?

Datti ya shafa gemunsa. Da ya buɗe baki sai muryarsa ta fito a dushe. Ya ce Juma'ar da ta wuce sun haɗu da Salim a bakin masallaci, Salim ya riƙe hannunsa ya ce ya taya shi ba Gwaggo haƙuri, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki ya zo da kansa kafin wata ukun su cika.

"Na gane kuskurensa a take. Wata uku yake ƙirgawa kamar yadda yawancinmu maza muke zato. Na san da kofin Gwaggo, na san biyu ne a ciki. Na yi shiru, Kubra, don shirun zai amfane ni. Kwana biyar ke nan ban yi sallah da natsuwa ba."

Ya miƙe ya ɗauki makullin mota, ya ce ta tashi su je Kuru.

Gwaggo ta ce anya shi ɗanta ne kuwa, ya kai wa wani abin da ya kusa zama nasa? Datti ya ce matar mutum ce har yanzu, kuma ba ya so ya gina ɗakinsa a kan kuskuren lissafin wani. Gwaggo ta yi tsaki, ta ce ai mace mai idda ba za ta shiga mota ita kaɗai da namiji ba, ta ɗauko mayafinta. Ba wanda ya gayyace ta.

Kafin su fita Kubra ta tsaya a zaure ta roƙe su alfarma ɗaya, kada wanda ya ambaci bakwai ɗin nan a gaban Salim. Gwaggo ta ce ai shi ne babban makaminta. Kubra ta ce shi ya sa. In ya mayar da ita don shimfiɗa ta yi kauri, to ranar da ta sake sirancewa ba za ta san matsayinta ba. Tana so ta ji abin da zai ce wa matar da ya sani, mai biyar da 'yan kai.

Suka ratsa gari, suka wuce Bukuru, ruwa na zuba yana tsagaitawa. Duwatsu sun yi baƙi da jiƙa, masara ta yi kore shar a bayan shingaye. Gwaggo ta yi ta mita a kan sanyi da ramukan hanya, amma hannunta yana kan cinyar Kubra tun daga gida.

Siton Salim dogon ɗaki ne na kwano a gefen hanya, inda yake sayen dankali daga manoma yana loda wa motocin kudu. Wani dattijo mai suna Dalyop, wanda suke harkar tare, ya gane Kubra tun daga nesa, ya washe baki ya ce madam ta zo ke nan, ya nuna musu ciki da sandarsa. Ya ƙara da cewa mutumin nan tun da damina ta yi nisa a nan yake kwana a kan buhuna, ya ƙi komawa gida.

Kubra ta ce su jira ta a rumfa. Ta shiga ita kaɗai.

Yana tsugune yana tsince ruɓaɓɓen dankali. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya ɗago ya gan ta sai dankalin da ke hannunsa ya suɓuce ya gangara. A bangon bayansa akwai kalanda irin wadda masu taki ke rabawa, an soke kwanaki arba'in da shida da jan biro ɗaya bayan ɗaya, can gaba kuma an zagaye wata rana har takardar ta kusa hujewa.

Shekara takwas tana aurensa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ta ajiye masa "Abban wane" tana jiran wanen ya zo. Yau ma ba ta kira ba. Ta nuna kalandar.

"Lissafinka ba daidai ba ne."

Ya dubi kalandar, ya dube ta.

Kunya ta rufe ta kamar ba mijin da ya sha riƙe mata jaka a ƙofar ɗakin awo ba. Ta sunkuyar da kai. "Ba wata ake ƙirga mini ba. Na ga biyu. Na ukun bai wuce sati ba."

Ta ga lokacin da maganar ta isa inda za ta. Fuskarsa ta sauya, ya dafa buhu ya miƙe, ya sake duban jan zagayen nan nasa kamar wanda ya ci amanarsa. Ya ce wallahi shi wata uku ya sani. Ya ce ita ta hana shi zuwa, ya rantse, ya kuma yi kaffarar rantsuwar tun satin farko don ya san ba zai iya cika ta ba. Amma ya ga ta gaji, sai ya ce bari ya bar mata duk kwanakin da shari'a ta ba shi ta huta, ya zo a ƙarshe. Kullum da safe yakan soke rana ɗaya ya ce wa kansa ya yi haƙuri.

"Da ban zo ba fa?" ta tambaya, hawaye na sauka.

Ya wuce ta ya leƙa waje, ya ga Datti da Gwaggo a rumfa, ya roƙe su su shigo. Bai tsaya gaisuwa ba.

"Yaya Datti, Gwaggo, ku shaida. Na mayar da matata."

Datti ya ce ya shaida. Muryarsa ba ta yi rawa ba, amma Kubra ta ga yadda ya damƙe makullin motar.

Salim ya juyo gare ta. Ya ce akwai maganar da ya shirya tun tuni, wadda ya so ya faɗa a ranar da ya zagaye, bari ya faɗe ta yanzu a gaban manya.

"Asibiti an gama, Kubra. Ba mai sake huda miki jiki saboda ni. Na je na faɗa wa Hajiya mahaifiyata, ta yi kuka, ta ce ita ma ke take kewa. In Allah bai ba mu ba, ke kin ishe ni. Su biyun nan kuma..." Ya kau da kai. "Allah ya ga mun yi iya ƙoƙarinmu."

Abin da ta zo ji ke nan, ta kuma ji shi da kunnenta. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta wanda ba na Kuru ba ne. Ta zura hannu a jaka ta ciro hoton awon, wanda ya ɗan jiƙe a gefe, ta miƙa masa.

Shekara biyu a bencin asibiti ta koya wa mai sayar da dankali karatun irin wannan takarda. Idonsa ya tafi kai tsaye kusurwar da ake rubuta awo. Ya duba kwanan wata, ya duba sunan, ya sake duba lambar. Ya zauna a kan buhu.

"Bakwai?"

"Da ɗigo huɗu. Dokta ta ce ka zo gobe ka sa hannu."

Ya zame daga kan buhun ya kai goshinsa ƙasa, a nan cikin ƙasar dankali, kafaɗunsa na girgiza. Gwaggo ta juya baya tana goge ido da mayafi, tana cewa ƙurar siton nan ta yi yawa, alhali ruwa ake yi tun safe.

Da ya ɗago ya rarrafa gaban Gwaggo zai ba ta haƙuri. Ta ce ya tashi, ita ce za ta ba shi, amma ba yau ba, gwiwarta na ciwo. Ta ƙara da cewa buhun makon jiya akwai ruɓaɓɓu a ƙasa, ya riƙa dubawa. Salim ya yi dariya da hawaye a gemu, ya ce za a gyara.

Kubra ta waiga ba ta ga Datti ba. Yana waje jingine da mota, yayyafi na sauka a hularsa. Ta je ta tsaya nesa kaɗan, ta buɗe baki ta ce "Yaya," sauran ya ƙi fitowa. Me za ta ce wa mutumin da ya ɗauko ta da motarsa ya kawo ta ga wani, ya kuma tsaya ya zama shaida? Ta durƙusa a cikin taɓon nan ta ce Allah ya biya shi da abin da ya fi ta.

"Tashi, kada sanyi ya kama ki, yanzu ba ke kaɗai ke da jikin nan ba," ya ce. "Kitson yaran nan dai yana nan a kanki."

Ta tsaya tana kallon motar har ta sha kwana, Gwaggo a gaba, buhu biyu a but ɗin motar waɗanda Dalyop ya saka ba tare da ya tambayi kowa ba.

Washegari Salim ya sa hannu. Dokta Obiamaka ta sake aunawa ta samu bakwai da ɗigo shida, ta dube su ta saman tabarau ta ce ba ta so ta ji labarin, su dai kada su sake yi mata haka. Bayan kwana biyar aka narkar da ɗaya daga cikin 'yan tayin aka mayar da shi, aka bar ɗan'uwansa a ajiye. Aikin bai kai minti goma ba. Likitar ta ce sai bayan kwana goma sha biyu za a gwada jini a sani, ta kuma gargaɗe su cewa bakwai ƙofa ce kawai ta buɗe, ba alkawari ba ne. Kubra ta ce ta sani, kuma ko a nan aka tsaya ta gode wa Allah.

Tun daga ranar Gwaggo ta tsiri zuwa Ali Kazaure kullum da hantsi, da kwanon gwate a hannu, wai ta zo duba ko ana cin abinci. Takan zauna a falo tana hira da rabin hankali, rabin kuma yana kan sallayar da ke rataye a hannun kujera. Kubra ta yi mata bayani cewa allurar da take sha ita kanta tana riƙe jini, rashin ganinsa ba hujja ba ne. Gwaggo ta ce likita da lissafinta, ita ma da nata.

A rana ta tara aka kira azahar suna zaune. Kubra ta yi alwala ta fito, sai ta ga tsohuwar tana murza wani ƙulli a bakin zaninta.

"Gwaggo, har yanzu ba ki yar da shi ba?"

"Ina ruwanki? Sati shida ina roƙon Allah ya kawo ranar da zan jefa shi a kofi. Yanzu kuma ina roƙon ya yafe mini wancan roƙon. Wannan ba zai bar zanina ba sai an yi suna."

Kubra ta sauko da sallayar ta shimfiɗa, ta fuskanci gabas. Tana ɗaga hannu za ta yi kabbara ta ji Gwaggo a bayanta ta ce alhamdulillahi a hankali, tana ƙara ɗaure ƙullin.